Tozon Shunayya da Kwalbar Kawu

Kawuna ba shi da gira. Ba haka aka haife shi ba. Akwai wani tsohon hoto a falonsa, na shekarar da ya fara aiki, inda girarsa take baƙa ƙirin har ta kusa haɗewa. Wuta ce ta yi ta cin ta, shekara talatin da ɗaya, har ta gaji da tsirowa. Shi ya sa kullum za ka gan shi kamar wanda aka faɗa wa abin mamaki yanzun nan.

Aikinsa hura gilashi ne a sashen nazarin sinadarai na jami'a. Ɗakinsa yana ƙarshen baranda a hawan ƙasa, bayan sito, inda ba a zuwa sai da dalili. Dogon tebur ne na ƙarfe, da tukwanen gas biyu ɗaure da sarƙa a jikin bango, da famfon zuƙe iska mai tari kamar tsohon babur. A saman wata kanta sandunan gilashi ne jere, kowane kauri da gurbinsa. Mai Wuta ɗalibai suke kiransa. Da yawansu sun gama karatu sun tafi ba su san yana da wani suna ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Da na samu gurbin digiri na biyu a sashen, Mama ba ta tsaya neman mini ɗaki a makaranta ba, ta sa ni a mota da akwati biyu, sannan ta buga masa waya. 'Ya'yansa mata uku duk sun bar gida, biyu suna gidajensu, ƙaramar tana aikin jinya a wani gari. Na gaji ɗakinsu da gado uku, ina kwana a wanda na ga dama.

Ranar farko tare muka tafi a ƙafa, tafiyar minti ashirin. A bakin ƙofar sashen ya tsaya ya ɗaga mini yatsa.

"Saurara, Malama Shiru." Haka yake kirana tun ina ƙarama. "Daga nan zuwa ciki ni ba kawunki ba ne. Mai Wuta ne. Ke kuma ɗaliba ce, mai fasa mini kwalabe kamar sauran. Kin ji?"

Na gyaɗa kai.

"Da baki ake amsa wa ma'aikaci."

"Na ji, Kawu."

"Kin gani? Tun ba mu shiga ba kin karya doka."

Bai yi karatu mai zurfi ba. A shagon masu lanƙwasa fitilun talla ya koyi wuta, yana rubuta sunayen kantuna da bututun gilashi, har ranar da wani tsohon malamin jami'a ya kawo wata na'urar gilashi da kowa ya ce ba ta gyaruwa. Ya gyara ta a tsaye, mutumin yana kallo. Bayan mako biyu aka aiko masa da takardar ɗaukar aiki. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana da nata labarin shagon. Ta ce shi ya rubuta sunan kantin babanta da jar wuta, ya kuma bar harafi ɗaya yana ƙyaftawa da gangan don a riƙa kiransa gyara.

"Sau huɗu ya zo," in ji ta. "A na biyar Baba ya ce masa, yaro, ko dai ka gyara fitilar nan ko ka faɗi abin da ke kawo ka."

"Ƙarya take mini," in ji Kawu. "Wayar kantin ce ba ta da kyau."

A gida ba a ba shi ruwa a kofin gilashi ya sha kai tsaye. Sai ya ɗaga kofin saitin taga, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, sannan ya yanke hukunci cewa wanda ya yi shi sauri yake zai tafi gida.

"Baban 'yan mata, ruwa na ba ka, ba jarrabawa ba," Inna takan ce.

A wurin masu sinadarai gishiri ba na miya kaɗai ba ne. Ƙarfen da ya haɗu da kulorin ko buromin ko danginsu, gishiri ake ce masa. Namu na wasu ƙarafa ne da ake kira masu wuyar samu, irin waɗanda ake sawa a ƙananan maganaɗisu da wasu fitilu. Abin da muke nema a wurinsu yana da sauƙin faɗa: a wane zafi suke narkewa, zafi nawa suke sha kafin su narke, kuma ko suna sauya tsarin jikinsu tun suna daskare. Ana sa ɗan gishiri, bai kai cikin farce ba, a cikin na'ura. Ita kuma tana ɗaga zafi a hankali tana zana layi a allon kwamfuta. Muddin babu abin da ke faruwa, layin a miƙe yake. Da gishirin ya soma narkewa sai ya sha zafi, layin ya yi tsauni. Inda tsaunin ya tashi shi ne zafin narkewa, girmansa kuma shi ne yawan zafin da aka sha.

Matsalar ita ce ƙishirwarsu. Ka bar ɗayansu a fili minti ɗaya, ya zuƙi laimar iska, in ka ɗuma shi ya koma wani abu daban, awonka ya tashi a banza. Don haka a cikin wani akwatin gilashi rufaffe muke taɓa su, ta cikin dogayen safar hannu na roba da ke manne a jikinsa. Daga nan a zuba a 'yar kwalba mai jure wuta, a toshe, a sauka da ita wurin Kawu. Shi zai haɗa ta da famfo ya zuƙe iskar, ya naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa baƙin tabarau, ya kunna wutar nan tasa mai fari kamar walda. Yana juya kwalbar da yatsu biyu, wuyanta ya yi laushi, ya tsuke, ya rabu. Daƙiƙa ashirin. Sai ya miƙa maka wani abu kamar ƙwayar magani, da ɗan tsini a kai, wanda ko numfashi ba ya shiga.

Sunayen gishirin suna karya masa harshe, sai ya raɗa musu nasa bisa launi. Na ƙarfen lantanam Fara ce. Akwai 'Yar Kore. Nawa, na ƙarfen niyodimiyam, mai launin shuɗi-shuɗi ja-ja, shi ne Shunayya.

Wata uku na yi ina busar da Shunayya. Sau biyu laima ta shige ta na sake daga farko. Na rame, idona ya faɗa, Inna ta fara zuba mini abinci a faranti biyu. Da na samu wadda ta bushe tsaf, na cika kwalabe tara, na sauka da su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu. Kawu ya rufe su.

Ɗumin farko ya fito lafiya, tsauni ɗaya kyakkyawa. A na biyu sai ga wani ɗan tudu ya biyo bayan tsaunin. A na uku ya ƙara girma. Na ɗauko wata kwalbar, haka. Ta uku, haka. Kawu da ya ga takardar da na buga ya ce, "Wannan ai tozo ne." Sunan ya bi shi.

Kwana biyu na yi ina murna a ɓoye, ina tsammanin na gano wani sauyi da ba a taɓa gani ba. Sannan na kai wa Farfesa.

Farfesa ita ke duba aikina. Mace ce gajera mai saurin tafiya, tana da tarin mukullai da ake jin ƙararsu tun daga matakala. A sashen nan ta yi karatu, Kawu ne ya rufe mata kwalabenta tun tana ɗaliba, kuma bai taɓa bari ta manta cewa ta fasa goma sha ɗaya a mako guda ba. Ta jera takarduna a tebur ta bi su da biro.

"Sauyin gaske ba ya ƙiba," ta ce. "Yadda ya zo jiya haka zai zo gobe. Wannan kuwa kullum ƙaruwa yake. Abin da ke ƙaruwa a rufaffiyar kwalba, daga waje yake shiga. Laima ce. Taso mu je."

Na bi ta a baya zuwa ƙasa, ɗakin Kawu.

"Mai Wuta," ta ce daga bakin ƙofa, "kwalbarka tana shan iska."

"Ranki ya daɗe, sake faɗa. Famfo yana ƙara, ban ji ba."

Famfon a kashe yake.

"Ka ji ni sarai. Tara ka rufe, uku mun gwada, duka ukun sun lalace."

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, yana cire tabarau. "Tun kina zuwa nan da hawaye da tarkacen gilashi a hankici. Kin taɓa ganin kwalbata ta sha iska?"

"Ban taɓa ba. Amma hannu yana tsufa, Baba. Ni ma yanzu sai na nisanta takarda nake karantawa."

Ba ta saba ce masa Baba ba. Ta ja kujera ta zauna, ta faɗa masa abin da duk sashen ya sani ban da ni. Kwamitin sashen ya daɗe yana son ɗakin nan, a zuba kantoci a mai da shi wurin ajiya. Akwai wasu 'yan ƙoƙunan ƙarfe da ake sayowa a shirye, masu murfin da ake matsewa, ba sa bukatar wuta. Shekara guda ke nan takardar odarsu tana kan teburinta, ita kaɗai ta ƙi sa hannu, kuma hujjarta guda ce: kwalbar Mai Wuta ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Ranar Alhamis da azahar kwamiti zai zauna," ta ce. "In ba ni da abin faɗa, zan sa hannu. Ba korar ka za a yi ba. Sito za ka koma, shekara biyun da suka rage maka."

"In riƙa raba sabulu da safar hannu."

"Ka riƙa raba sabulu da safar hannu."

Ranar Litinin ce. Bayan ta fita ya ce in kawo masa sauran kwalaben. Ya jiƙa ɗaya a ruwan shuni ta wuni, ko ɗigo bai shiga ba. Ya bi wata da wani ɗan ƙarfe mai tartsatsin wuta wanda ke nuna rami komai ƙanƙantarsa, tartsatsin bai samu mashiga ba. Ya kai wa Farfesa labari, ta ce ramin yana iya buɗewa ne kawai in gilashin ya yi zafi. Ya koma ɗakinsa.

Da yamma a gida Inna ta miƙa masa ruwa, ya karɓa ya shanye, ya ajiye kofin. Inna ta dubi kofin, ta dube ni.

"Me kuka yi masa a can?"

"Ba komai," in ji Kawu. "Ƙarin girma za a yi mini. Zan zama sarkin sabulu."

"To ka fara da kawo mana gida, namu ya ƙare."

Ya yi dariya, amma gajeriya. Talata ma haka ta wuce. Ya share ɗakinsa sau biyu, ya goge tukwanen gas ɗin da ba a taɓa gogewa ba.

Ranar Laraba da safe Farfesa ta ce in tattaro duk kwalaben da aka rufe a zangon nan, nawa da na sauran ɗalibai biyu, don ta nuna wa kwamiti. Na shimfiɗa farar takarda a kan tebur na fara jera su. Ina da wata ɗabi'a ta daidaita abubuwa, ko cokula ne sai na haɗa gindinsu a layi ɗaya. Da na haɗa gindin kwalaben sai na ga kawunansu ba su daidaita ba. Na Fara da na 'Yar Kore duk tsayinsu ɗaya, kamar da injin aka yanka. Nawa tara, su ma tsayinsu ɗaya, amma sun ɗara sauran da kusan gaɓar yatsa.

Na ɗauki ɗaya daga ukun da aka ɗuma na kai ta taga. Can a cikin tsininta akwai wani ɗigo, bai kai kan allura ba. Shunayya ce. Na duba sauran biyun, akwai. Wadda aka fi ɗumawa ita ta fi babban ɗigo. Shidan da ba su shiga na'ura ba tsininsu fes.

Na zauna na yi tunanin cikin na'urar. Akwai ɗan gurbi da kwalba ke zama, a nan ne zafi yake daidai ko'ina. Gajeriyar kwalba tana nutsewa ciki gaba ɗaya. Tawa kuwa kanta yana leƙowa waje, inda ya ɗan fi sanyi. In gishirin ya narke, ɗan tururinsa ya tashi, ya samu wuri mai sanyi a tsini, sai ya daskare a can, ya yi ƙanƙantar da ba zai iya gangarowa ba. Kowane ɗumi yana ƙara masa. In an sake ɗumawa, na ƙasa ya narke ya yi tsauni, shi kuma na sama, da zafi ke isa gare shi a makare, ya narke daga baya ya yi tozo. Babu abin da ya shiga daga waje. Gishirina ne ya hau bene.

Na kwashi kwalaben na sauka. Na sami Kawu yana zaune, hannu a cinya, wuta a kashe. Na ajiye tawa ɗaya da ta 'Yar Kore ɗaya gefe da gefe a gabansa.

Ya dube su. Ya dubi bango.

"Kawu, me ya sa nawa suka fi tsawo?"

"A nan Mai Wuta nake."

"Mai Wuta, me ya sa nawa suka fi tsawo?"

"Sun fi ne? Idonki ne. Ba ki barci."

Na ɗauko rula daga kantarsa na ajiye a tsakaninsu. Ya ture ta da yatsa.

"Hannu ne ya zame."

"Sau tara? Daidai wa daida?"

Ya miƙe tsaye. Sannan ya fashe, kamar ni na yi laifin.

"Wata uku kina busar da abin nan! Ina kallon ki. Kin koma kamar sandar gilashi, uwarki tana buga mini waya tana cewa me nake ba ki. Sai ki sauko mini da shi a hannu biyu kamar jariri, ni kuma in kawo wutar da ke narka dutse dab da shi? In tsumma ya bushe fa? In ya ƙone fa? Na ɗan matsa sama. Kaɗan. Don ya sha iska."

"Ai maganar ke nan, Kawu, bai sha iska ba."

Na nuna masa ɗigon, na yi masa bayanin gurbin na'ura. Bai taɓa leƙa cikinta ba, aikinsa yana ƙarewa ne a bakin ƙofarsa. Ya sa tabaran karatu, ya ɗaga kwalbar, ya daɗe yana kallo. Na ga kafaɗunsa sun sauko.

"Ke nan rufina lafiya lau yake."

"Lafiya lau."

"Allah na gode maka." Ya shafa fuska. Sai kuma ya zabura. "Tsaya. In kin faɗa wa Farfesa, za ta ce me ya sa na tsawaita."

"Za ta ce."

"Shi ke nan, na shiga uku. Ni da nake tsayawa a ƙofa ina kafa doka. Gobe duk sashen zai ce Mai Wuta yana da kwalbar dangi da kwalbar bare." Ya kama haɓa. "Ki ce mata ke kika ce in tsawaita."

"Ba zan iya mata ƙarya ba. Ko gaskiya ma da ƙyar nake faɗa mata."

Wannan kuwa haka ne. Tun da na zo ban taɓa haɗa jimla uku a gaban Farfesa ba, sai dai "to" da "na gode". Ga shi yanzu zan je in ce mata ta yi kuskure, kuma a kan maganar kawuna. Na hau matakalar ina haddace abin da zan faɗa. Da na shiga ofishinta duk ya gudu. Sai kawai na shimfiɗa farar takardar a kan teburinta, bisa takardun da take dubawa, na jera kwalaben, na daidaita gindinsu da rula, na ajiye madubin ƙara girma kusa da hannunta, na ja da baya.

"Mene ne wannan? Kasuwa?"

Na nuna kawunan da yatsa.

Ta duba. Ta ɗauki madubin. Ta ɗaga kwalba ɗaya, ta ɗaga ta biyu, ta ɗauki wadda ba a ɗuma ba ta gwada. Mukullanta suka yi tsit.

"Yi magana, ina ji," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na yi. Har na kai ƙarshe. Ta yi mini tambaya biyu, na amsa. Sai ta leƙa baranda ta ƙwala kira, ashe ba sai an je nesa ba, Kawu yana tsaye a bayan ƙofa yana karanta allon sanarwa na bara.

"Shigo, mai son kai."

"Ranki ya daɗe, wucewa nake."

"Ni kwalabena nawa ka rufe a rayuwarka? Ɗari uku? Ka taɓa ƙara mini ko rabin gaɓa don kada gishirina ya ji zafi?"

"Ke ai naki gishirin ma tsoron ki yake."

"Ashe akwai kwalbar 'yan gida. Shekara ashirin da biyar ina cin ta bare ban sani ba."

"Ranki ya daɗe, yarinyar ta rame."

"Ni da nake ɗaliba ƙiba na yi?"

Ta tuntsire da dariya har ta cire tabarau tana share ido. Sannan ta daina kamar an kashe fitila.

"Labari ne mai daɗi. Kwamiti ba ya cin labari. Akwai sauran Shunayya?"

Na ce akwai kaɗan a akwati.

"Cika ɗaya. Kai kuma ka rufe ta gajeriya, irin ta bare. Ni zan riƙe rula."

Haka aka yi. Ta tsaya a kansa da baƙin tabarau da ya yi mata yawa, rula a hannu. Ya naɗe gindin da tsumma, ya sake jiƙa shi, ya sake dubawa. Da ya kawo wutar kusa da gishirin na ga ya cije leɓe. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Daƙiƙa ashirin, ya miƙa mata. Ta auna.

"Ka ga? Ashe ka iya."

Kowane ɗumi awa uku yake ci. Muka yi biyu a ranar, na uku da safiyar Alhamis. Kawu ya hauro da kujerarsa ta katako ya dasa a gaban allon kwamfuta, abin da bai taɓa yi ba. Layi yana tafiya a hankali, shi yana yi masa magana.

"Yawwa, miƙe. Kada ka ba ni kunya. Malama Shiru, wannan ɗan karkacewar fa?"

"Ba komai ba ne, fanka ce ta kunna."

"A kashe fankar."

Ɗumin farko dama ba ya nuna komai. A na biyu tsaunin ya tashi ya sauka, layin ya miƙe ya wuce wurin da tozo ke fitowa ko gezau. Kawu ya buɗe baki, Farfesa ta ɗaga masa hannu ta ce sai an ga na uku. Ranar Alhamis tun kafin masu shara su gama ya iso. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tsaunin ya sauka, muka zuba wa layin ido. Ya miƙe sumul har na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Na fito da kwalbar bayan ta huce, tsininta fes.

Farfesa ta kwashi takardun da kwalba ɗaya doguwa da gajeriyar, ta zuba a aljihun rigar aikinta.

"Ka san abin da zan faɗa musu?" ta ce. "Ba zan ce ba ka yi laifi ba. Ka yi. Zan ce da ƙoƙon ƙarfe ne, da yanzu muna nan muna rubuta wa duniya ƙarya, don ba wanda zai ga ɗigon nan ta cikin ƙarfe. Gilashi ne ya tona kansa."

"A ƙara da cewa bai sha iska ba."

"Zan ƙara."

"Da babbar murya."

Ta tafi, mukullai suna ƙara. Bayan awa ɗaya ta leƙo ɗakinsa ta ce ya kunna wutarsa, akwai kwalabe shida dogaye da za a buɗe a akwati a sake rufewa, kuma daga yau duk abin da ya rufe sai an auna an rubuta tsawonsa a littafi, na dangi da na bare. Shekara biyun nan a ɗakinsa ya yi su. Adadin da ke cikin kundina, na zafin da Shunayya ke sha kafin ta narke, daga gajerun kwalabensa ya fito.

Sai dai ba a sanar da sashen gyare-gyare cewa magana ta canza ba. Ranar Litinin ina wurinsa da kwalba a hannu, sai ga kafintoci biyu sun yi sallama, ɗaya da fensir a kunne, ɗaya da tef ɗin awo. Suka ce an turo su auna bango, za a kafa kantoci.

"Madalla, sannunku da zuwa," in ji Kawu. "Ku zauna. Ga tabarau, kada ku kalli wutar da ido tsirara."

Suka zauna, don ba su san yadda za su ƙi ba. Ya rufe kwalbar suna kallo, baki buɗe. Da ta huce ya miƙa hannu wajen mai tef.

"Ɗan'uwa, ara mini abin awon nan. Farfesa ta tafi da rulata."

Ya auna, ya faɗa mini lambar na rubuta. Ya nannaɗe tef ɗin da kyau ya mayar wa mai shi.

"To, an yi awo. Ku gaida mai gidanku, ku ce masa wurin da mutum a ciki."